Shafukan da Suka Tafi da Ƙosai

Tun shekaranjiya na kasa zama wuri ɗaya, kuma jikata ce ta jawo. In na zauna a kan benci sai in tashi in leƙa ƙofar gida, in na leƙa sai in dawo in gyara labulen da babu abin da ya same shi. Matar ɗana ce ta kama yarinyar da wani littafi a ƙarƙashin katifa, mai hoton tsohon gida da inuwar mutum a taga, ta ƙwace ta ɗora a saman kabad, ta ce sai matar fasto ta duba shi. Yarinyar ba ta yi gardama a kan ƙwacewar ba. Abu ɗaya ta yi ta maimaitawa tana bin bayana har kicin: "Kaka, saura babi biyu kacal. Ki ce mata ta bar ni in ga wanda ya yi." Uwar kuwa ta juyo gare ni, ludayi a hannu, ta ce, "Mama, don Allah ki gaya mini, me yara ke samu a cikin abin da ke hana su barci?" Na san amsar sarai, faɗinta ne ba daɗi.

A Kakuri na tashi, lokacin da masaƙa ke da rai. Yanzu in na hau keke daga Nasarawa na bi ta wajen, ciyawar bayan katanga ta fi ni tsayi, a bakin get kuma sai masu faci da masu cajin waya. A da ba agogo muke kallo ba, jiniya muke saurare. In ta busa sai unguwa duka ta motsa: ƙarar kekuna, ƙarar takalman roba a kan tsakuwa, mutane suna ta fitowa kamar an buɗe famfo, kawunansu fari fat da burbushin auduga. A ƙarƙashin wannan duka akwai gurnanin injuna, wanda ba ka san kana jin sa ba sai ranar da aka ɗauke wuta, ka ji kunnenka ya yi maka wani iri. Gidanmu na haya ne, ɗakuna layi biyu suna kallon juna, da mangwaro a tsakiya, da famfo ɗaya da ba a taɓa wuni ba a yi faɗa a kansa ba. Akwai Bajju, akwai Atyap, akwai Ham, akwai wani makaniki Ibo da kowa ke kira Oga. Kowa da yarensa a cikin ɗaki, amma da an fito tsakar gida Hausa ce.

Mahaifina ya rasu ina ƙarama, Mama ce ta riƙe mu da tuyar ƙosai a bakin get ɗin masaƙa. Ni ke murje ɓawon wake har tafin hannuna ya yi fari ya tattare, ni ke kai markaɗe, ni kuma ke yaga takarda. Yaran yanzu ba za su gane wannan na ƙarshen ba, don a leda ake zuba musu ƙosai, ya yi gumi ya saki jiki kafin a kai gida, ledar kuma ta je ta toshe kwata. Mu a takarda muke ƙunshewa. Wani mutum ne ke kawo wa Mama buhu guda, ya tattaro daga ofisoshi da makarantu: tsofaffin jaridu, takardun jarrabawa da jan biro a jiki, littattafan da bangonsu ya fita. Aikina in zauna in yaga su daidai tafin hannu biyu in jera a kwando. Matsalar ita ce ba na iya yaga abu ban karanta ba. Na san makin lissafin yaran da ban taɓa gani ba, na san wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Kafanchan. Mama takan ɗago daga kan kasko, hayaƙi a idonta, ta ce, "Yagawa na ce ki yi, ba jarrabawa za ki rubuta ba."

A ɗakin ƙarshe, kusa da banɗaki, akwai wani dattijo da muke kira Baba Auduga, don ko wanka ya yi sai ka ga farin burbushi a girarsa. Ya daɗe a sashen saƙa har injuna suka cinye masa kunne. Wannan ba sirri ba ne, duk wanda ya yi shekaru a sashen nan haka yake ƙarewa. A can ciki ma ba a magana da murya, da leɓe ake yi da hannu, ka motsa baki abokinka ya karanta daga nesa. Baba ya saba har ya dawo da abin gida. Yakan zauna a ƙofar ɗakinsa leɓɓansa na motsi babu sauti. In ka gaishe shi ta baya bai san kana yi ba, in kuma ya yi magana sai ya ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke hayin kogi. Ba shi da mata a gidan, ba mu taɓa ganin baƙonsa ba. Kullum in ya taso daga aikin safe yakan shiga ɗaki ya turo ƙofa, ya cire takalmansa ya buga su a bango don auduga ta fita, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Mun san wannan ƙarar kamar yadda muka san jiniya. Kuma kullum sai ya tsaya ya sayi ƙosai a wurin Mama.

Littafin da ya jawo mini abin da nake ɗauke da shi har yau a cikin buhun nan ya zo. Ba bango, ba suna, ban san wanda ya rubuta shi ba, kuma ban taɓa cin karo da shi a wani wuri ba ko da na yi shekaru ina dubawa a wurin masu baza littattafai a ƙasa. Turancinsa mai sauƙi ne, daidai 'yar ajin ƙarshe na firamare. Na ɗauko don in yaga, idona ya faɗa kan layin farko, sai na ji hannuna ya tura shi cikin zanina. Labarin wata yarinya ne da aka aika ta zauna da gwaggonta a wani tsohon gida kusa da layin dogo. Kullum da tsakar rana, lokacin da kowa ke hutawa, sai ta ji ana ƙwanƙwasa sau uku daga cikin wani ɗaki da aka kulle shekara da shekaru. Ta tambayi gwaggo, gwaggo ta ce ba ta ji komai ba. Ta tambayi kuku, kuku ya kau da kai. Wata rana kuma ta ga ƙasan ƙofar ɗakin a jiƙe, alhali ba a yi ruwa ba.

Ban karanta littafin nan a zaune kamar mutum ba. A tsaye na karanta shi, a layin markaɗe, a bayan banɗaki, a kan hanyar ɗebo itace, shafi biyu nan shafi uku can, ina waige. Hannuna duk mai da toka, don haka duk shafin da na wuce sai ya koma baƙi. Da yamma kuma, kafin iyaye su dawo, yaran gidan sukan taru a gindin mangwaro in juya musu abin da na karanta zuwa Hausa, in ƙara gishiri inda Bature ya yi rowa. In na zo wurin ƙwanƙwasawa sai in yi shiru, in buga ɗan dutse a jikin benci sau uku. Ƙananan su ƙanƙame manya, wata ta toshe kunne amma ta bar kunne ɗaya a buɗe. Babu wanda ya taɓa tashi ya tafi. Ni da ba ni da takalmin zuwa coci mai kyau, ni da ake yi wa waƙar warin mai, sai ga shi ana ajiye mini wurin zama.

Da matar ɗana za ta zauna ta saurare ni, da na gaya mata abin da muke samu a ciki. Mu ma muna da abin tsoro na gaske a lokacin, ba kaɗan ba. Mun ga an fito da yaro daga ɗaki a naɗe cikin zani, mun ga uba ya dawo da takardar sallama daga aiki ya zauna bai yi wa kowa magana ba. Waɗannan babu wanda ke yi maka bayaninsu, kuma ba su da murfi. Na littafi kuwa tsoro ne da kake riƙe da shi a hannu, in ya yi yawa ka rufe, ka sha ruwa, ka sake buɗewa. Ga shi kuma a ciki yarinya ce ke jin abin da manya suka ce ba su ji ba, ita ke leƙe, ita ke haɗa wannan da wancan, mu kuwa a gida ko tambaya muka yi sai a ce mu rufe baki. Amma babban abin shi ne alkawari. Tun daga shafin farko littafin ya yi maka alkawari cewa akwai amsa, tana nan kwance a bayansa, kana ma iya taɓa kaurinta da yatsa. Saboda wannan alkawarin kake yarda a tsorata ka.

Ni dai ba a cika mini alkawarin ba. Ranar da aka biya albashi ce, ranar da ƙosai ke ƙarewa tun kafin ya huce. An aike ni ƙaro markaɗe, takarda ta ƙare wa Mama, ta aika a duba ɗaki ko akwai saura, aka ɗaga tabarmata aka kawo mata littafin. Da na dawo na hango shi a gefen kasko, ya rame. Na tsaya da robar ƙullu a ka, na ce, "Mama, ta ina kika yaga?"

"Ta baya mana," in ji ta, ko kallona ba ta yi ba. "Na gaban duk kin yi musu baƙi da hannunki. Abinci ne fa, mutane za su ci. Sauke ƙullun nan."

Haka Mama take, ba ta taɓa ƙunshe wa mutum abinci a takarda mai datti ba, da wannan aka san ta. Ta zaɓi shafukan da suka fi tsafta, su ne kuwa waɗanda ban kai ba. Na tsaya daidai inda yarinyar ta samo mabuɗin ta sa a ƙofa. Abin da ke bayan ƙofar ya shiga masaƙa a hannun mutum ashirin da wani abu. Na bar ƙullun na bi bakin katanga ina tsince-tsince, na tsuguna a kan kwata ina jawo takardu da tsinke, ina kuka ina share majina da gefen zani. Na samo jarrabawar wani, na samo rabin jarida. Masu gadi suka kore ni, Mama kuma ta ba ni na jaki a gida saboda ƙullun da na bari ƙudaje suka hau.

Washegari yara suka taru a gindin mangwaro tun kafin in gama wanke-wanke. Da na ce musu ƙarshen ya tafi da ƙosai, da an yi mini dariya kwana biyu an manta. Amma na kalli wurin zaman da aka ajiye mini na kasa. Na buɗe littafin a cinya kamar akwai abin karantawa, na ce yarinyar ta tura ƙofa. Suka ce sai me? Kaina babu komai. Na ɗaga ido, sai ga Baba Auduga a ƙofar ɗakinsa, leɓɓansa na motsi. Abin da ke gabana na ɗauka. Na ce ta tarar da wani tsoho mai fari a gira, yana magana da waɗanda ba a gani, ba ya amsa gaisuwar masu rai. Na ce in ya ƙwanƙwasa sau uku, sunan wani yaro yake kira, yaron kuma sai ya fara ciwo. Ban ambaci sunan Baba ba, wannan kaɗai zan iya cewa don kare kaina, kuma ba ya kare ni. Ban rufe baki ba Baba ya tashi ya shiga ɗaki, ya turo ƙofa, muka ji takalmansa a bango. Yara suka watse da gudu. A lokacin daɗi na ji, ina ganin ban taɓa ba da labari mai kyau irin wannan ba.

Cikin mako guda labarin ya bar hannuna. Yara suka daina wucewa ta ƙofar Baba, in za su banɗaki sai su zagaya ta bayan famfo. Suka gaya wa yaran maƙwabta, su kuma ba su san da wani littafi ba. Sai Danladi, ɗan ƙaramin yaron ɗaki na uku, wanda ke zama dab da ƙafata in ina ba da labari, ya kwanta da zazzaɓi mai zafi. Da rana tsaka, jikinsa kamar garwashi, ya ji takalman Baba a bango, ya ƙwalla ƙara ya ce Baba na kiran sunansa. Uwarsa ta fito tsakar gida ba ɗankwali. Daga ranar kalmar nan da ba a faɗa da ƙarfi ta fara yawo daga ɗaki zuwa ɗaki: maye. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda abubuwan da kowa ya sani jiya suka zama alamu yau. Motsin leɓe, rashin amsa gaisuwa, zama ba mata, ba baƙo. Mazan gidan da suke aiki tare da shi sun san dalilin kowane ɗaya, amma yaro na kwance, ba wanda ke son a ce ya tsaya wa maye. Aka daina ba shi aron guga. Mama da kanta ta koma miƙa masa ƙosai ba ta kallon fuskarsa.

Ni kuwa na kasa cin abinci, na kasa zama, irin dai wannan da nake yi yanzu. In na ɗauki tsintsiya sai in share wuri ɗaya sau uku. Na yi ta shirya yadda zan faɗa wa Mama, in na zo gabanta sai in tambaye ta ko in ƙaro itace. Ana cikin haka, wata yamma ina ɗibar ruwa, Baba ya leƙo daga ɗakinsa ya yafito ni da hannu, irin yafitar 'yan masaƙa, yatsu biyu sama sannan a nuna ƙirji. Na saki bokitin na ruga. Ba maita na ji tsoro ba, na san babu ita tunda ni na ƙera ta. Idonsa na ji tsoro. Mata biyu da ke wanki suka gani, kafin magariba gidan duka ya san cewa ya fara kiran 'yar mai ƙosai.

Ranar Lahadi bayan an taso daga sujada mai gidan, wani tsohon soja, ya tara kowa a gindin mangwaro. Aka ajiye wa Baba kujera a tsakiya, ya zo da farar rigarsa ta coci ya zauna, yana bin bakin duk mai magana da ido. Maman Danladi ta yi magana tana kuka, kuma har yau ban ga laifinta ba, ɗanta ta ga yana tafiya. Oga makaniki ne kaɗai ya miƙe. Ya ce da Hausarsa, "Wannan mutum kunne ya mutu, inji ya kashe, ku duka kun sani. Wetin be dis?" Aka ce masa shi ba ɗan ƙasar nan ba ne, bai san waɗannan abubuwa ba. Wasu samari daga waje sun riga sun tsaya a ƙofar gida suna leƙe, ɗaya da sanda.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ce, "Ni ce. Ni na ƙirƙira. Babu shi a littafin, Mama ta yage ƙarshen, ni kuma na ga Baba a zaune sai na faɗa. Takalmi yake kakkaɓewa."

Na ɗauka shi ke nan. Sai ɗaya daga cikin matan nan masu wanki ta ce, "Kun ji ko? Shekaranjiya ya yafito ta, yau ga ta tana kare shi. Ya riga ya taɓa ta." Mama ta fizgo ni ƙasa, ta toshe mini baki da hannunta mai warin mai, ta ce a kunnena, "Zauna, kafin su haɗa da ke." Mai gida ya ce shi ba ya yanke wa kowa hukunci, amma don zaman lafiya Baba ya nemi wani wuri kafin ƙarshen wata. Baba bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya karanta duka a leɓɓanmu, har da nawa, don ya daɗe yana kallona bayan na zauna. Ya miƙe ya ce da babbar muryar nan tasa, "Ba sai ƙarshen wata ba. Gobe."

Washegari da hantsi na ƙi zuwa makaranta, na laɓe a bakin ƙofar gida. Oga ya ba shi aron amalanke, aka ɗora katifa da akwatin ƙarfe da risho da kujera ɗaya. An ce yana da wani ɗan'uwa a Gonin Gora, wadda a lokacin ƙauye ce a bakin hanya. Ba wanda ya fito sallama, sai labule da ke motsi. Da ya zo daidai ni ya ajiye amalanken, ya sa hannu a aljihu ya ciro wani ƙunshi ɗaure da farin zaren masaƙa. Ya ce, gidan duka na ji, "Na gan ki kina nema a kwata. Ba a shiga da takarda mai mai wurin auduga, a durom ake zubawa. Na tsince. Biyu ban samu ba." Ya ɗora mini a hannu. Shafukan ne. Ya shanya su, ya bi su da dutsen guga, ya jera su bisa lamba, mai ya ratsa su har kana ganin rubutun baya ta gaba. Abin da ya yafito ni ya ba ni ke nan ranar da na saki bokiti.

Nan ne wurin da ba na son isowa in ina tuna abin nan. Ya kamata in durƙusa, ya kamata in kama hannunsa in ce ya yafe mini, a gabansa, inda zai ga bakina. Yana tsaye kuwa, ya ɗan jira. Amma idona ya riga ya faɗa kan layin farko, inda yarinyar ta tura ƙofa. Na ce a raina layi ɗaya kawai. Na karanta a tsaye har ƙarshe. Bututun ruwa ne. Wani tsohon bututu ne a cikin bango, da ke bugawa in an buɗe ruwa a tashar jirgi da rana, shi ne kuma ke yoyo ya jiƙa ƙasan ƙofa. Ɗakin na ɗan gwaggon ne da ya rasu, shi ya sa ta kulle ba ta son maganarsa. Yarinyar ta zargi kuku, sai ta je ta ba shi haƙuri, ya yi dariya ya yanka mata burodi, aka zauna aka sha shayi. Da na ɗago kai amalanken ya kai bakin kwana. Na bi shi da gudu ina kira, "Baba, Baba," da iyakar muryata. Ta baya nake kira. Jiniya ta busa, masu canjin aiki suka cika titi da kekuna, na neme shi na rasa.

Danladi ya warke bayan kwana huɗu, da allurar da ake ta yi masa tun farko, gidan kuwa ya ce kun gani, maye ya tafi yaro ya tashi. Baba bai koma masaƙa ba. Da na girma na je Gonin Gora ba sau ɗaya ba, ina tambayar wani kurma mai fari a gira, sai a tambaye ni sunansa, in tsaya kamar wawuya, don ban taɓa sanin sunansa na gaskiya ba. Yanzu wurin ya cika da shaguna da manyan motoci, waɗanda za su iya tunawa ma sun tafi. Na yi shekara talatin ina koyar da yara karatu, kuma duk littafin da zan saya sai na fara juya bayansa na tabbatar shafin ƙarshe na nan. Masu sayarwa suna ɗauka satar amsa nake yi.

Ɗazu da rana matar ɗana ta tafi kasuwa. Na jawo kujera na taka, da gwiwoyin nan nawa da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa, na sauko da littafin daga saman kabad. In ta dawo na san abin da zan ce mata: ba tsoron ne ke ɓata yaro ba, a bar shi da tsoro babu ƙarshe ne, don zai nemi ƙarshen da kansa a fuskar wanda ke kusa. Na ba yarinyar na ce ta zauna nan gabana ta gama babi biyunta. Ta gama, ta yi ajiyar zuciya, ta ce ashe mai kai wasiƙa ne. Sai na buɗe akwatina na ciro ƙunshin nan, zaren ya koma ruwan ƙasa, na ba ta labarin duka, ban rage wurin da na tsaya karatu ba. Ta juya shafukan a hankali, ta shinshina, wai ko da sauran ƙanshin ƙosai.

"To Kaka, wa ke ƙwanƙwasawa?"

"A littafin, bututun ruwa ne."

"A gidanku fa?"

Na karɓi shafukan na mayar da zaren yadda ya ɗaure shi. Na ce, "Mutum ne ya dawo daga aiki, yana kakkaɓe takalminsa."